Sarƙaƙiya: Tarihin Wata Kalma Tsakanin Wurno da Dajin Gundumi

Da wuya mako ya wuce ban ji kalmar sarƙaƙiya a rediyo ba. Yau sarƙaƙiyar siyasa, gobe sarƙaƙiyar rabon gado, jibi sarƙaƙiyar soyayya a wani fim. Kwanan baya na tambayi wasu samari da muke zaune tare a bakin wani shagon cajin waya a Achida, ko sun san mece ce sarƙaƙiya. Dukansu suka ce matsala ce mai wuyar warwarewa. Ba su yi kuskure ba. Amma da na gaya musu cewa itace ce, mai ganye da fure da ƙaya, kuma har yanzu tana nan a dajin da ke gabas da garinsu, sai ɗaya ya fashe da dariya, ya ɗauka ba'a nake yi.

Ni a jikina na fara saninta, ina yaro, ina bin yayana kiwon awaki. Wata akuya ta kutsa cikin duhuwa, na bi ta da gudu, sai na ji an riƙe ni ta ko'ina: riga, wando, fatar hannu. Da na fizga sai ta ƙara kamawa. Yayana ya tsawata mini in tsaya cik. Ya nuna mini cewa ƙayarta a lanƙwashe take kamar ƙugiya, don haka wanda ya tura gaba ƙara shiga yake yi. Sai an ja da baya kaɗan, a cire ƙaya ɗaya, sannan a cire ta biyu. Wanda ya fara ɗaukar sunan wannan itace ya laƙaba wa rikici, lalle ya taɓa shiga hannunta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana ya wuce sha'awar kalmomi. A gabashin Sakkwato, wato ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, shekaru ɗari biyu ke nan ana fama da tambaya guda: wa ke da iko da wurin da gona ta ƙare, ƙaya ta fara? Wanda ya bi sawun wannan kalma zai ga an amsa tambayar sau uku, kuma kowace amsa ta bar mana gado.

Daji ba iri ɗaya ba ne

Bahaushen da ya tashi a karkara ba ya kiran duk abin da ke bayan gari da suna ɗaya. Daji, ko dawa kamar yadda aka fi ji a bakin Sakkwatawa, shi ne babban suna. A ƙarƙashinsa akwai 'ya'ya da yawa. Saura gona ce da aka bari ta huta, ciyawa da sabara suka fito. Sunƙuru wurin da ya daɗe bai ga fartanya ba, har ya cushe. Kurmi wuri ne mai manyan itatuwa da inuwa, galibi kusa da ruwa. Duhuwa, kamar yadda sunan ya nuna, cunkoson rassa ne da rana ba ta ratsa shi, inda zomo da zabin daji ke ɓuya. Surƙuƙi shi ne inda mutum ba ya iya wucewa sai ya sunkuya. Fako ƙasa ce da ta bushe ta ƙeƙashe, ko ciyawa ba ta yi. Dokar daji kuwa can ne inda ba ka jin carar zakara, ba ka ganin hayaƙin murhu.

Kowace kalma a cikin waɗannan labari ce da mutum ke ba ɗan'uwansa. In mafarauci ya ce maka ya ga sawu a bakin duhuwa, ka san irin wurin. In manomi ya ce zai sassabe saurarsa, ka san ƙasar tana da mai ita, ko da shekara biyar ba a noma ta ba. In ya ce zai sari daji, to wannan magana ce da sai an je gun hakimi. Bambancin saura da daji bambanci ne na mallaka, kuma an sha zuwa gaban alƙali a kansa.

Sarƙaƙiya tana da wuri na musamman a wannan jeri, domin suna ne na itace guda, kuma suna ne na irin cunkoson da itacen ke haifarwa. Dangin bagaruwa ce da farar ƙaya, amma ita ba ta tsayuwa da ƙafarta. Rassanta dogaye ne, sirara, suna hawa kan wasu itatuwa, suna sarƙe juna har su zama bango. Ganyenta ƙanana ne, furenta fari-fari, 'ya'yanta kwanso ne mai ja-ja in ya nuna. Tana son ƙasa mai tsakuwa da bakin kwazazzabai. A wasu wuraren ana kiranta duhuwa, a wasu gumbi, sunan da kuma ake ba wata ƙayar da ke bin gaɓar gulbi. Likitan nan Bature, J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafinsa na 1916, ya rubuta ta, haka ma Bargery a ƙamusunsa na 1934.

Ba Hausa kaɗai ce kalmar daji ke sauya ma'ana a cikinta ba. Kalmar "jungle" da Turawan Ingila ke nufin kurmi mai duhu da ita, daga Indiya suka aro ta, inda asalinta ke nufin busasshiyar ƙasa da ba a nomawa. Mu ma mun ɗauki kurmi muka mai da shi sunan kudancin Najeriya gaba ɗaya, ga kuma Kasuwar Kurmi a tsakiyar birnin Kano tun zamanin Muhammadu Rumfa, inda yau ba ka ganin kurmin sai rumfuna. Kalma takan daɗe bayan abin da ta ambata ya gushe. Sai dai ita sarƙaƙiya ba ta gushe ba. Mu ne muka daina kallonta.

Ganuwar da ke tsirowa

Kafin zuwan Turawa, garin da ke son kwana lafiya a ƙasar Hausa yana bukatar abu uku: ganuwa ko kafi, gwalalo a bayanta, sannan ƙaya a bayan gwalalon. Ƙarfin yaƙin wancan zamani doki ne, shi kuwa doki ba ya ratsa sarƙaƙiya. Mahayi mai lifidi in ya kutsa, ƙayar za ta riƙe lifidin, ta tsayar da shi a inda kibiya za ta same shi. Saboda haka garuruwa da yawa sukan bar ta ta yi kauri a kewayensu, wasu ma su dasa ta da gangan, su bar 'yar siririyar hanya wadda ɗan gari kaɗai ya sani. Ganuwar ƙasa tana zubewa duk damina, sai an yi aikin gayya a gyara. Ita wannan damina ƙara mata ƙarfi take yi. Ƙauyen da ba shi da jama'ar da za ta gina ganuwa, yana iya samun ƙaya.

Amma abin da ya ɓoye ka, zai ɓoye wanda ke nemanka. A nan ne Gundumi ya shigo labari.

Wanda bai san yankin ba, ya ɗauki gulabe biyu a zuciyarsa. Gulbin Rima ya gangaro daga arewa maso gabas, ya bi ta Goronyo, ya wuce ƙarƙashin tudun Wurno. Gulbin Sakkwato ya ratso ƙasar Zamfara, ya bi ta Rabah. Su biyun suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato. Tsakaninsu, in ka fuskanci gabas wajen Isa, akwai tudu mai faɗi, mai yashi da tsakuwa, wanda ruwan sama ke nutsewa cikinsa ya yi nisa. Rijiya tana wuya, don haka gari yana wuya. Abin da ke jin daɗin wurin shi ne sabara da geza da taramniya da ƙayoyi. Wannan shi ne dajin Gundumi. Har masana duwatsu sun ari sunansa sun ba wani shimfiɗin dutse na ƙarƙashin ƙasar Sakkwato, kamar yadda suka ari sunan Wurno da na Taloka da na Kalambaina.

Rashin ruwa ne ya fara hana mutane zama a Gundumi, yaƙi ya ƙarasa. Bayan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun ci Alƙalawa a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, Gobirawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Sun ja arewa, suka riƙa sake taruwa, suna haɗa kai da Katsinawan da suka kafa Maraɗi da kuma wasu Azbinawa. Babbar hanyar da ta haɗa Sakkwato da Katsina da Kano kuwa ta gefen ƙasarsu ta bi. A idon Sakkwato, Gundumi maɓoyar 'yan hari ce. A idon Bagobiri da aka kora daga garinsa, ko bawan da ya tsere, wannan duhuwar ita ce mafaka. Ƙaya ɗaya ce, ma'anarta ta danganta da gefen da kake tsaye.

Baƙi biyu sun bar mana bayanin yadda ake ratsa shi. Hugh Clapperton, Baturen Ingila, ya bi ta ciki a 1824 kan hanyarsa ta ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da rakiyar mahaya, kuma ƙishirwa ta ba ayarinsa wuya. Bayan shekara 29, Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya taso daga Katsina a watan Maris na 1853 tare da ayarin Galadiman Sakkwato. Da suka zo bakin Gundumi, dabara ɗaya ce: a cika salkuna, a shiga, kada a tsaya. Sun yi tafiyar awa 26 ba zango, dare da rana, har suka fito a Gawasu, inda Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya yi sansani. Daga nan Barth ya wuce Wurno ya zauna fiye da wata guda. A lura da kyau: wannan ayarin babban jami'in daula ne, a kan babbar hanyar daular, kusa da fadar Sarkin Musulmi, amma bai isa ya kwana a dajin ba.

Amsar Bello

Muhammadu Bello ya gwada yaƙi, kuma ya yi nasara a fage. A Gawakuke, a 1836, ya karya rundunar haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa. Amma tun kafin nan ya gane cewa runduna tana zuwa ta koma gida, daji kuwa yana nan. Amsarsa ta dindindin ita ce ribaɗi: gari mai ganuwa a kan iyaka, wanda mazaunansa manoma ne kuma masu tsaro. Ya fara zama a Magariya, sannan ya gina Wurno wajen 1830 a kan tudun da ke kallon fadamar Rima, ya mai da shi mazauninsa. Can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Shugaban daula ya bar babban birni ya tare a bakin daji, don kowa ya ga inda ya ɗora muhimmanci.

Wurno ba shi kaɗai ba ne. An jera garuruwa irinsa a kan gulaben biyu, aka ɗora 'ya'yan gidan Shehu a kansu. Shinaka, wadda ke ƙasar Goronyo a yau, ɗansa Aliyu ne ya riƙe ta kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1842. Gandi da Rabah suka tsare gefen Gulbin Sakkwato. Wani ɗan Bello, Abubakar Atiku na Rabah, ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877, kuma jikansa ne Ahmadu Bello Sardauna, wanda aka haifa a Rabah, ya kuma zama hakiminta a 1934.

Abin da ribaɗi ke yi wa daji a fili yake. Ana sare sarƙaƙiyar da ke nesa, wadda maƙiyi zai laɓe a ciki, a bar ta kusa, wadda za ta kare ganuwa. Ana haƙa rijiya. Ana ƙarfafa wa Fulani makiyaya su zauna wuri guda, su haɗa kiwo da noma, shanunsu su taka ciyawa su ba gona taki. Ana kawo maƙera da masaƙa da malamai, a kafa kasuwa da masallacin Juma'a. Inda gona ta kai, ido ya kai. Inda ido ya kai, ɗan hari ba ya iya kwana.

Gaskiyar tarihi ba ta cika sai an faɗi hannun wa ya riƙe gatarin. Da yawa daga cikin waɗanda suka sare dajin nan bayi ne da aka kamo a yaƙi, aka zaunar a rinji suna noma wa masu sarauta da malamai. Hare-haren kuma ba gefe ɗaya ke kai su ba. Kowane ɓangare ya ƙone garuruwan ɗan'uwansa, ya kwashi mutane. Duk garin da aka watsa ya zama kufai, cikin 'yan damuna kuma kufai ya zama duhuwa. Wato yaƙin da ake sare daji dominsa, shi ne kuma ke shuka sabon daji. Shi ya sa shekaru 16 bayan rasuwar Bello, Barth ya tarar da Gundumi yana nan da haƙoransa. Ribaɗi ya tsare bakin gulbi, inda ruwa yake. Tudun da ba ruwa ya gagara.

Gandun daji

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Da hare-hare suka lafa, mutane suka fara fita daga cikin ganuwa, suna kafa tunga da gidan gona a wuraren da kakanninsu ba su isa su kwana ba. Ƙayar da ke bakin gwalalo ta rasa aiki, aka sare ta aka yi shingen garka da ita.

Sababbin masu mulki sun zo da kalma guda, "bush", wadda suka shafa wa komai: saura, sunƙuru, kurmi, duhuwa, makiyaya, har da ƙauyen da ke nesa da barikinsu da mutumin da ke cikinsa. Kalmar da ba ta bambanta saura da dokar daji ba, ba za ta ga mai gonar da ya bar ta hutu ba. A takarda, duk inda ba a ga shuka ba, fili ne da gwamnati za ta iya shata wa iyaka.

Suna kuma da tsoronsu na kansu. A tsakiyar shekarun 1930 wani masanin gandun daji, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana gangarowa kudu, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya kan iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Dokokin gandun daji, musamman ta 1916 da ta 1937, sun ba da ikon keɓe dazuzzuka a hana noma da sara a cikinsu sai da izini. Aka ɗora aikin a kan En'e, aka naɗa malaman daji masu zagayawa. Gundumi ya shiga cikin irin waɗannan gandaye.

Nan ne amsa ta biyu ta juya wa ta farko baya. Bello ya ga dajin da ba kowa a matsayin haɗari, maganinsa a cika shi da mutane. Bature ya gan shi a matsayin dukiya, maganinsa a hana mutane shiga. Kowannensu yana da hujja. Ba don gandun ba, da wataƙila gatari ya gama da Gundumi tuntuni. Amma tsarin ya dogara ga abu ɗaya: mai gadi. Muddin malamin daji yana zagaye, hakimi yana sanin wanda ya shiga da wanda ya fita, gandu yana da ido. Da aka rushe tsarin En'e, aka kawo ƙananan hukumomi a 1976, ikon hakimai ya ragu, masu gadi suka yi ƙaranci, sai aka wayi gari da fili mai faɗi wanda doka ta hana manomi zama a ciki, hukuma kuma ba ta zaune a ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gatari da madatsa

A wajen gandu kuwa, labarin na ƙarewa ne. Jama'a ta yawaita, saura ta daina samun hutu. Farin farkon shekarun 1970, wanda ya kai maƙura a 1973, ya kashe dabbobi da itatuwa, na 1984 ya ƙara. Birnin Sakkwato ya girma, kuma da itace yake girki, don haka motocin itace suka riƙa nausawa gabas. Burtali ya matse, makiyaya ta zama gona. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi alƙawari mai yawa, abin da ya tabbata a ƙasa kaɗan ne. Makiyayin da ya rasa hanya a fili, sai ya tura shanunsa cikin gandu, inda ba makaranta, ba asibiti, ba alƙali.

A fadama ma an sake zani. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka ƙaddamar a 1992, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Ta ba birnin Sakkwato ruwan sha, ta ba manoman rani damar shinkafa da albasa da tafarnuwa, amfanin da ya sa ake jin sunan Wurno da Goronyo a kasuwannin nesa. Amma gumbin da ke riƙe gaɓar gulbi an share mafi yawansa don a sami wurin shuka. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 a kwarin Rima sun san yadda ruwa ke yi da gaɓar da ba ta da saiwa.

A wannan zamani ne kalmar ta ƙaura. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin bangon ƙaya a bayan gari ba, ya ji sarƙaƙiya a bakin ɗan jarida, ya ɗauka can aka haife ta. Sauran 'yan'uwanta ba su ma sami wannan sa'ar ba. Sunƙuru da surƙuƙi da duhuwa suna ta janyewa daga bakin matasa. Abin da ya rage shi ne daji, kalma ɗaya tilo, kamar dai yadda Bature ya yi.

Hanyar da aka rufe

Sauran labarin kowa ya san shi, wasunmu a cikin gidajensu. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewayen Gandi a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka taru a Gandi, garin da aka kafa tun farko don tsaron iyaka. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha, ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal, ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, wadda ta ratsa Gundumi, ta hana motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layin waya a ƙananan hukumomi 14, har da Wurno da Rabah da Goronyo. A watan Oktoba na shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe fiye da mutum 40. Shekaru 168 bayan ayarin Galadima ya yi gudun awa 26, matafiyi daga Isa zuwa Sakkwato ya koma yin zagaye don kauce wa dajin nan dai.

Doki ya zama babur, kibiya ta zama bindiga, dalilan faɗan ma ba irin na da ba ne, kuma kuskure ne a ce tarihi maimaita kansa yake yi kawai. Abin da bai sauya ba shi ne halin ƙasar. Duk ƙauyen da aka tasa, gonakinsa kan zama saura, saura ta zama sunƙuru. Waɗanda suka saci jiki suka leƙa garuruwansu bayan damina uku ko huɗu suna ba da labarin sabara da ta kai kafaɗa a inda suke shuka gero. Kamar a ƙarni na 19, rashin tsaro yana shuka wa kansa maɓoya.

Shi ya sa nake jin tsoro idan na ji ana cewa mafita ita ce a share dazuzzukan, a ƙone su, a bi da katafila. Na fahimci zafin da ke haifar da maganar. Wanda aka kashe wa ɗa ba ya son jin sunan itace. Amma a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu, wannan ƙaramin dajin da muke rainawa shi ne ke riƙe ƙasa. Sabara da geza da kalgo su ke tare iska, su tara ganye da ƙura a gindinsu, su ba akuya abinci a bazara, su ba mai jego magani. Anza ta ciyar da mutane a shekarun yunwa. In aka share su, abin da zai biyo baya fako ne, shi kuwa fako ba ya ciyar da kowa, kuma yunwa ba ta taɓa kawo zaman lafiya ba. Ɗan bindiga zai koma wani dajin, manomi ne zai zauna da ƙeƙasasshiyar ƙasa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi, jikokin waɗanda Bello ya yaƙa a Gawakuke, sun nuna wata hanya. Tun daga shekarun 1980 manoma a can suka daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gonakinsu. Sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran, har tsiron ya zama itace. Suna kiran abin sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Dajin da ya fito ta haka yana da mai shi. Kowane gawo da kowane kalgo akwai wanda ya san shi, yake zuwa dubansa.

Wannan ne darasin da na gani cikin shekaru ɗari biyun nan. Kaurin ƙaya bai taɓa zama ma'aunin haɗari ba. Sarƙaƙiyar da ke bakin ganuwa ta fi ta tsakiyar Gundumi kauri, amma ita tsaro ce, domin ɗan gari ya san hanyar cikinta. Wadda ke kashe mutane ita ce wadda ba mai zama kusa da ita, ba rijiya, ba kasuwa, ba hukuma. Aikin soja yana da wurinsa, kamar yadda Gawakuke ta yi nata, amma Bello da kansa bai tsaya a Gawakuke ba. In an buɗe hanya, sai an mayar da mutane garuruwansu da tsaron da zai bar su su kwana, a fitar da burtali, a kai ruwa da makaranta ga waɗanda ke zaune cikin gandu, a kuma dawo da mai gadin da ya san wurin da ƙafarsa.

Kuma sai an san sunan abin da ake magana a kai. Jami'in da ke ofis a Sakkwato ko Abuja, in duk abin da ya sani shi ne daji, zai sa hannu a takarda guda ta share saurar wani, da makiyayar wani, da duhuwar da ke riƙe kwazazzabo. Tsofaffin da suka san bambancin suna nan da rai, da yawansu a sansanonin gudun hijira da gidajen 'yan'uwa a Gandi da Goronyo da Wurno, ba aikin da suke yi sai jiran ranar komawa. Wanda ke da irinsu a gida, ya zauna da su da wayar nan da ke hannunsa, ya tambaye su sunan kowane lungu na bayan garinsu, abin da ke fitowa a wurin, da wanda ke da shi. Ranar da za a koma, ciyawa ta riga ta shafe iyakokin gonaki, kuma da waɗannan sunaye za a gane su.